Kayan da ba dole ba: yadda direban na'ura ke bambance rashi da jinkiri da kuskure

Kamfanin da ke ƙera cif ba ya sanin duk inda cif ɗinsa zai ƙare. Cif ɗaya mai auna zafi, ko mai karanta katin ajiya, ko mai riƙe lokaci, yana iya shiga cikin waya, ya shiga na'urar raba intanet, ya shiga injin masana'anta. Kowane mai zana fanel, wato allon da ake jera kayan lantarki a kai, yana haɗa ƙafafun cif ɗin gwargwadon buƙatarsa da ƙarfin aljihunsa. Wani zai ja waya daga ƙafar sake kunnawa zuwa babbar furosesa, domin manhaja ta iya farfaɗo da cif ɗin idan ya sandare. Wani zai ɗaure ƙafar nan da layin wuta kai tsaye ya manta da ita. Wani zai haɗa layin ankararwa, wato wayar da cif ke jawo hankalin furosesa da ita, wani zai bar shi haka nan saboda ƙafafun furosesarsa sun ƙare. Amma direba, wato guntun manhajar da ya san yaren wannan cif a cikin babbar manhajar na'ura, ɗaya ne tak, kuma ana so ya yi aiki a kan kowane fanel daga cikinsu.

Daga nan matsalar ke tasowa. Idan direba ya nemi wani abu a hannun babbar manhaja, kamar bugun agogon da ke motsa cif, ko ƙafar GPIO, wato ƙafar da manhaja ke iya ɗagawa ko saukewa ko karanta halinta, ko layin wuta, ko layin ankararwa, aka ce masa bai samu ba, me amsar take nufi? Mai fanel ne bai haɗa abin ba tun asali? Ko yana nan, wanda zai miƙa shi ne bai farka ba tukuna? Ko kuwa wani abu ne ya lalace? A idon wanda bai saba ba duk ɗaya ne, tunda dai ba a samu ba. A wajen aiki kuwa kowanne da matakin da ya dace da shi, kuma direban da ya cakuɗa su yakan haifar da irin matsalar da ke cinye wa injiniya makonni: na'ura ta tashi lafiya yau, gobe ta tashi da rabin aikinta, babu ko layi ɗaya na gargaɗi. Zan jingina bayanin da babbar manhajar Linux, domin kod ɗinta a buɗe yake ga mai son dubawa, kuma masu rubuta ta sun daɗe suna kai ruwa rana a kan batun.

Wa ke gaya wa direba abin da ke kan fanel?

Na'urorin da ake sokawa ta USB ko PCI suna gabatar da kansu. Da an tambaye su za su faɗi lambar kamfaninsu da tasu, su bayyana abin da suke buƙata. Ƙananan cif da ke zaune a kan layin I2C ko SPI, da sassan da aka gina a cikin furosesa irin ta ARM, ba su da wannan baki. Dole wani ya rubuta bayaninsu ya ajiye. A kwamfutocin tebur da manyan sabobi wannan aikin ACPI ne, tsarin da kwamfuta ke bayyana wa babbar manhaja kayan da ke cikinta, wanda ya fito a 1996. A duniyar ARM da RISC-V galibi Device Tree ne, wato bishiyar na'urori, wadda ta samo asali daga Open Firmware na injinan SPARC da PowerPC. Kafin ARM ta rungumi bishiyar, kowane fanel yana da nasa fayil na yaren C a cikin zuciyar Linux, wato ainihin ɓangarenta da ke sarrafa na'ura, har abin ya yi yawan da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya fito ya nuna ɓacin ransa a 2011, aka fara kwashe bayanan ana mayar da su waje.

A cikin bishiyar kowace na'ura tana da reshenta, inda ake rubuta agogunanta a `clocks`, ƙafar sake kunnawa a `reset-gpios`, layin wutarta a wani suna kamar `vdd-supply`, ankararwarta a `interrupts`. A riƙe wannan da kyau: direba ba ya ganin tagulla da dalmar da ke kan fanel, rubutun da aka yi game da su kawai yake gani. Duk lokacin da aka ce masa babu abu, ma'anar ita ce bayanin bai ambaci abin ba.

Idan zuciyar manhaja ta ga reshen da ya dace da wani direba, sai ta kira fankshin ɗinsa, wato guntun kod mai aiki ɗaya, mai suna `probe`. A nan direba ke tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, galibi ta fankshin masu farawa da `devm_`, tsarin da ya shigo a 2007 domin a riƙa sakin kayan da kansu idan direba ya kasa tashi ko aka cire shi. Kowace nema tana iya dawowa da ɗaya daga amsoshi huɗu. Kamar ka aiki yaro wani gida ya kira maka mutum ne. Zai iya dawowa tare da shi. Zai iya cewa babu mai wannan suna a gidan. Zai iya cewa yana nan amma bai tashi daga barci ba, a koma anjima. Zai iya cewa ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Yaron da ya dawo ya ce maka "ban same shi ba" ya yi shiru, bai yi ƙarya ba, amma ya bar ka ba ka san ko ka jira, ko ka tafi, ko ka nemi kafinta ba.

Yaren C ba shi da wata hanya ta musamman ta ɗaukar amsa mai fuska huɗu, domin fankshin abu ɗaya yake mayarwa. Dabarar da Linux ta yi ita ce ta ware adireshi 4095 na can ƙarshen ma'adana, waɗanda ba a taɓa ajiye komai a cikinsu, ta riƙa cusa lambar kuskure a cikin manunin da ya kamata ya nuna abin da aka nema. Direba ya duba da `IS_ERR`, ya ciro lambar da `PTR_ERR`. Lambobin kuwa tsofaffin na Unix ne: `ENOENT` mai lamba 2, `ENXIO` mai lamba 6, `ENOMEM` mai lamba 12, `ENODEV` mai lamba 19, `EINVAL` mai lamba 22. Sai wata guda da ba ta fita wajen zuciyar manhaja, `EPROBE_DEFER` mai lamba 517, wadda ta shigo a Linux 3.4 a shekarar 2012 ta hannun Grant Likely. Ita ce amsar "a koma anjima".

An buƙace ta ne saboda babu wanda ya yi wa direbobi alƙawarin jerin tashi. Cif ɗin sauti yana iya dogara da agogon da ke fitowa daga cif ɗin sarrafa wuta, shi kuma yana zaune a kan layin I2C, layin kuma yana jiran direban da ke raba ƙafafun furosesa. Wasu direbobin a cikin zuciya aka gina su, wasu sai an ɗauko su daga faifai bayan na'ura ta yi nisa da tashi. Direban da ya mayar da `EPROBE_DEFER` ana sa shi a layin jira, kuma duk lokacin da wani direba ya tashi lafiya sai a sake gwada masu jiran.

To ga kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan fage, layi uku ne kacal:

```
clk = devm_clk_get(dev, "bus");
if (IS_ERR(clk))
        clk = NULL;
```

Niyyar mai rubutun tana da kyau. Ya san wasu fanel ba su da wannan agogo, don haka idan bai samu ba sai ya wuce. Abin da ya rubuta kuwa ya haɗiye dukkan amsoshin uku. Idan ma'adana ce ta cika, ya wuce. Idan bayanin bishiya ne ya karye, ya wuce. Mafi muni, idan agogon yana nan direbansa ne bai tashi ba tukuna, nan ma ya wuce, ya yanke hukuncin cewa babu, kuma ba za a sake kiransa ba domin ya ce ya tashi lafiya. Sashen furosesa da ba a kunna wa agogo ba, idan aka taɓa rajistarsa, a wasu injinan ARM na'urar gaba ɗaya takan daskare nan take. Kuma da yake abin ya danganta da wanda ya riga wani tashi, yana iya ɓoyewa a teburin mai rubutu ya bayyana a hannun mai saye, bayan wani canjin da ba shi da alaƙa da direban ya sauya jerin da 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan cuta ba ta tsaya a kan masu rubuta direba ba, ta taɓa shiga cikin fankshin na zuciya da kanta. Tsohon fankshin neman tashar DMA, hanyar da na'ura ke kwasar bayanai ba tare da ta dami furosesa ba, `dma_request_slave_channel`, yana mayar da `NULL`, wato wofi, a kan kowace irin gazawa. Direbobi da yawa suna ɗaukar DMA a matsayin ƙari: in akwai a yi sauri, in babu furosesa ta kwashi bayanan da hannunta. Sakamakon haka na'ura takan yi aiki, amma a hankali, tana cin ƙarfin furosesa, don kawai direban DMA ya makara. Babu abin da ya faɗi, babu wanda ya yi ƙorafi, sai wanda ya auna gudu. Shi ya sa aka kawo `dma_request_chan` mai mayar da lambar kuskure ta gaskiya, aka daina ƙarfafa amfani da tsohon.

Dabarar wofi, da inda ta tsaya

Maganin da aka samo shi ne a ɗauke wa direba nauyin tantancewa, a ba shi fankshin na biyu mai ƙarewa da `_optional`. Na agogo ya shigo a Linux 5.1 a 2019, kuma na GPIO ya riga shi da shekaru. Abin da suke yi kaɗan ne: idan amsar `ENOENT` ce, wato bayani bai ambaci abin ba, sai su mayar da `NULL`. Duk wata amsa su bar ta yadda take.

```
clk = devm_clk_get_optional(dev, "bus");
if (IS_ERR(clk))
        return PTR_ERR(clk);
```

Yanzu jinkiri yana komawa sama a matsayin jinkiri, kuskure a matsayin kuskure, rashi kaɗai ke wucewa. Rabi na biyu na dabarar ya fi burge ni. An koya wa sauran fankshin karɓar `NULL` ba tare da gardama ba. Ka ce a kunna agogon `NULL`, a ce maka an kunna. Ka ce a ɗaga ƙafar GPIO ta `NULL`, ba a yi komai ba, ba a kuma yi ƙorafi ba. Layukan sake kunnawa da sassan PHY, masu aika sigina a kan waya, su ma haka. Ta wannan hanya direba ba ya cika da "idan akwai" a kowane lungu, hanya ɗaya yake bi ko abin yana nan ko ba ya nan, kuma hanyar da kowa ke bi ita ce ake saurin gano ramukanta.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Dabarar tana aiki ne muddin ba da umarni kake yi, kuma rashin yin komai shi ne daidai. Da zarar ka koma yin tambaya, wofi ya fara ba ka amsar da ba ta da tushe. Ka tambayi gudun agogon `NULL`, amsa sifili ce. Direban tashar siriyal da ke lissafa gudun aika bayanai daga gudun agogo, idan ya karɓi sifilin nan bai duba ba, ko ya raba lamba da sifili ko ya saita gudun da babu na'urar da za ta fahimta. Dole ya sami wata madogara, kamar gudun da aka rubuta a bishiya a `clock-frequency`, in kuwa ita ma babu ya ƙi tashi. Ka tambayi ƙafar `NULL` ko tana sama ko ƙasa, nan ma sifili. Idan ƙafar ita ce mai shaida cewa an soka kati, sifilin yana nufin ba za a taɓa ganin kati ba har abada. Shi ya sa a sashen katin SD, fanel da ba shi da hanyar gane shigar kati yakan bayyana haka a bishiya da `broken-cd`, manhaja ta koma leƙa ramin katin duk daƙiƙa ɗaya.

Ko a wajen umarni ma akwai wurin da shiru bai wadatar ba. Cif da ba a haɗa masa ƙafar sake kunnawa ba yana iya zuwa hannun direba a duk halin da manhajar farko mai tayar da na'ura ta bar shi. Direba mai lura, idan ya ga `NULL`, zai nemi hanyar sake saita cif ɗin ta rajista in cif ɗin yana da ita.

Akwai wata alama da masu duba kod suke zargi da zarar sun gan ta, ita ce `IS_ERR_OR_NULL` a bayan fankshin irin wannan. Ma'anarta mai rubutu ya sake haɗe abin da aka sha wahala aka raba. Wani lokaci har ya mayar da `PTR_ERR` na `NULL`, wanda sifili ne, wato nasara, sai `probe` ya fita tun a tsakiyar aiki yana shaida wa zuciya cewa komai ya kammala.

Wutar lantarki ta bi wata hanya dabam

Wanda ya saba da agogo da GPIO, idan ya zo kan masu daidaita wuta, wato sassan da ke ba cif ƙarfin wutar da yake buƙata, zai tarar an juya masa lissafi. A nan fankshin na yau da kullum, `regulator_get`, shi ne mai sassauci: idan bishiya ba ta ambaci layin wutar ba, yakan miƙa wa direba wani mai daidaita wuta na boge, ya rubuta gargaɗi a kundin saƙonni, aiki ya ci gaba. Shi kuwa `regulator_get_optional`, wanda Mark Brown ya kawo a 2013, ba ya ba da na boge, ba ya kuma ba da `NULL`. Kuskuren `ENODEV` yake mayarwa.

A kallon farko kamar rashin tsari ne, amma akwai hankali a ciki. Babu cif da ke aiki ba wuta. Idan bayani bai ambaci babban layin wutar cif ba, ba wanda zai ce cif ɗin iska yake sha. Wutar tana nan a kunne kullum, manhaja ce ba ta da iko a kanta, don haka na boge da ke amsa "to" ga kowane umarni ya yi daidai da gaskiyar fanel. Layin da za a iya barinsa a buɗe da gaske wani abu ne dabam, kuma rashinsa yana canja yadda za a tafiyar da cif ɗin.

Misali mafi bayyana shi ne cif mai mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba. Irin wannan cif yana auna komai ne da wani ma'auni, kuma da yawansu suna da ma'auni na ciki, suna kuma karɓar na waje. A ce cif ne mai matakai 4096, ma'auninsa na ciki volt 2.5, mai fanel kuma ya haɗa masa na waje mai volt 3.3. Idan direba ya ɗauki jinkiri a matsayin rashi ya kunna na ciki, duk abin da ya haura volt 2.5 zai tsaya a lamba 4095, kuma a cif ɗin da ma'aunin ciki ke fita ta ƙafar da na waje ke shiga, tushen wuta biyu ne za su riƙa ture juna a kan waya ɗaya. Na boge ba zai taimaka a nan ba, domin ba shi da wani ƙarfin wuta da zai faɗa. Dole direba ya ji kalmar "babu" da kunnensa ya ɗauki wata hanya. Haka layin `vqmmc` na katin SD: sai da mai daidaita wutar da zai iya sauka daga volt 3.3 zuwa 1.8 ake shiga gudu mai sauri da ake kira UHS, in babu shi sai a zauna a tsohon gudu.

Abin takaici, ana yawan ɗaukar `regulator_get_optional` don kawai a kashe gargaɗin nan na kundin saƙonni. Wanda ya yi haka ya sayo wa kansa "idan akwai" a kowane wurin kunnawa da kashewa, ya kuma rufe bakin gargaɗin da ke gaya wa mai fanel cewa bayaninsa bai cika ba.

Rigimar layin ankararwa

Inda aka fi jan zance shi ne layin ankararwa, hanyar da cif ke taɓa furosesa ya ce ina da magana. A Linux 5.4, a 2019, aka sa `platform_get_irq` ya riƙa rubuta saƙon kuskure da kansa idan bai samu layi ba, domin ɗaruruwan direbobi su daina maimaita saƙo iri ɗaya. Nan da nan direbobin da ke iya aiki ba ankararwa suka fara cika kundi da kuskuren da ba kuskure ba. Sai aka ƙara `platform_get_irq_optional`. Bambancinsa da ɗan'uwansa shi ne shiru kawai: idan babu layi, `ENXIO` yake mayarwa, kamar yadda wancan ke yi.

A farkon 2022 aka yi doguwar muhawara a kan shawarar a sa shi ya riƙa mayar da sifili idan babu, domin ya yi kama da `NULL` na agogo da GPIO. Masu goyon baya suna da hujja. A Linux an daɗe da tsayar da cewa sifili ba lambar ankararwa ba ce ga direbobi, duk da cewa a tsohuwar kwamfutar IBM layi na sifili na agogon tsarin ne. Sashen I2C ma tuni yake miƙa wa direbobinsa sifili idan babu layi. Masu adawa suka ce kamar ta fuska ce kawai. `NULL` na agogo abu ne da za ka iya miƙa wa fankshin na gaba ya karɓa. Sifilin ankararwa ba ka da inda za ka kai shi, domin babu ankararwar boge da za ta taɓa furosesa a madadin ta gaske. Wasu ma suka ce a canja wa fankshin ɗin suna ya nuna cewa shiru ne aikinsa. Shawarar ba ta shiga ba, `ENXIO` ta ci gaba da zama amsa.

Ni ina ganin masu adawa sun fi kusa da gaskiya. Rashin ankararwa kullum yana tilasta wa direba yanke shawara. Ko ya koma leƙa cif ɗin lokaci zuwa lokaci, kamar yadda direban siriyal na 8250 ke yi da ɗan agogon manhaja, ya karɓi asarar batir da jinkirin amsa da ke tattare da hakan. Ko ya ajiye wani ɓangare na aikinsa ya faɗa wa na sama gaskiya, kamar cif mai riƙe lokaci da ke goge alamar cewa yana iya ƙararrawa, don kada wata manhaja ta kwantar da na'ura tana jiran a tashe ta da ƙarfe shida, a wayi gari ba a tashe ta ba. Tunda dole a yi reshe a cikin kod, ko sifili ne ko `ENXIO` duk tafiyar ɗaya ce. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne a gwada wannan ƙima guda ɗaya tak, a mayar da duk sauran sama. Direban da ya rubuta "idan lambar ta gaza sifili, a koma leƙe" ya faɗa ramin da muka fara gani, ya mayar da na'ura mai lafiyayyen layin ankararwa mai leƙe har ranar da za a kashe ta.

Sauran manhajoji sun kauce wa wani ɓangare na rigimar ta hanyar canja lokacin tambaya. A Windows, manajan da ke raba kaya yana miƙa wa direba jerin abin da aka ba shi lokacin tayar da na'ura, direba ya bi jerin ya ga abin da ke ciki. A Zephyr, manhajar ƙananan na'urori, ana karanta bishiyar tun lokacin harhaɗa kod, don haka an san akwai ko babu kafin a kunna wuta. Yaren Rust, wanda ya fara shiga Linux a 6.1 a ƙarshen 2022, yana da `Result` na nasara ko gazawa da `Option` na akwai ko babu, kuma ba ya barin mai rubutu ya taɓa abin da ke ciki sai ya buɗe kowanne. Wannan yana hana mantuwa, amma ba ya zaɓa wa kowa abin da zai yi idan ya tarar babu.

Farashin sassauci

Mu koma kan abin da na ce a riƙe, cewa direba rubutu yake gani. Duk abin da aka mayar ba dole ba, an cire masa mai gadi. Idan mai rubuta bishiya ya yi tuntuɓen harafi, ya sa `rest-gpios` a maimakon `reset-gpios`, direban da ke neman ƙafar dole zai ƙi tashi ya faɗi dalili, a gyara cikin minti biyar. Direban da ke neman ta a matsayin zaɓi zai karɓi `NULL` ya wuce, cif ya zauna a kulle, sai can gaba a ga karatun rajista yana gazawa, a tafi ana zargin waya da dalma. Saboda haka ban yarda da ɗabi'ar sa `_optional` a kan komai don gudun matsala ba. Abin da takardar bayanin cif ta ce dole ne, a neme shi a matsayin dole. Don rage irin wannan tuntuɓe ne aka mayar da ƙa'idojin bishiya zuwa tsarin YAML da inji ke iya dubawa, aikin da Rob Herring ya jagoranta, inda kowace na'ura ke da jerin abin da ya wajaba da abin da aka yarda da shi, kuma `make dtbs_check` ke kama sunan da ba a sani ba tun kafin a kunna fanel.

Akwai kuma inda ake tilasta wa direba sassauci ko da abin dole ne. Ana ɗaukar bishiyar na'urori a matsayin alƙawari: sabuwar Linux ta tashi a kan tsohuwar bishiya, domin bishiyar tana iya zama a cikin manhajar farko ta na'urar da aka sayar shekaru da suka wuce, ba mai sabunta ta. A ce bayan shekara uku aka gano cewa wani sashe yana buƙatar agogo na biyu wanda ba a taɓa rubutawa ba, yana aiki ne kawai don manhajar farko ta bar shi a kunne. Gyaran da ya dace shi ne ƙa'ida ta ce sababbin bishiyoyi dole su ambace shi, direba kuma ya neme shi a matsayin zaɓi saboda tsofaffi. A nan ƙa'ida da direba sun saɓa da gangan, kuma ya kamata a rubuta dalilin a gefen layin, in ba haka ba wani mai son tsabtace kod zai zo ya mayar da shi dole ya kashe na'urorin mutane. Tsugune ba ta ƙare ba ko bayan haka, domin a ƙarshen tashi Linux tana bi ta kashe duk agogon da ta sani wanda babu direban da ya riƙe, masu daidaita wuta ma tana yi musu haka bayan ɗan jinkiri. Agogon da tsohuwar bishiya ba ta ambata ba yana iya faɗawa cikin wannan shara. Shi ya sa idan na'ura ta daskare daidai ƙarshen tashi, abin da masu aikin ke fara gwadawa shi ne `clk_ignore_unused`, umarnin da ke hana Linux kashe agogunan da ba a riƙe ba.

Saura amsar "a koma anjima" da ba ta da ranar cika. Bishiya ta ambaci abu, amma ba a gina direbansa a cikin wannan zuciya ba, ko an gina ya kasa tashi. Mai jira zai yi ta jira, a da kuma shiru yake yi, ko ya cika kundi da saƙo ɗaya duk lokacin da aka sake gwada shi. `dev_err_probe`, da ya shigo a Linux 5.9 a 2020, ya kawo sauƙi: idan kuskure ne na gaske ya rubuta shi, idan jinkiri ne ya ajiye dalilin, mai bincike ya buɗe `/sys/kernel/debug/devices_deferred` ya ga wa ke jira da abin da yake jira. Amma tambayar ta rage ga abin da na'ura za ta iya rayuwa ba shi: yaushe jinkiri ke zama rashi? Ga wasu sassa, kamar yankunan wuta da IOMMU, zuciya tana da wa'adi, wanda ake iya saitawa da `deferred_probe_timeout`, bayansa a daina cewa a jira. Idan wa'adin ya yi gajere, faifai mai nauyin tashi zai sa a yanke hukunci kafin direba ya iso. Idan ya yi tsawo, na'urar da ba ta da laifi za ta zauna tana jiran wanda ba zai zo ba. A wajen IOMMU kuwa hukuncin ya wuce maganar gudu, domin shi ne shingen da ke hana na'ura mai DMA taɓa ma'adanar da ba tata ba, kuma na'urar da aka bari ta tashi ba tare da shi ba tana iya rubutu a duk inda wayoyinta suka kai.